Manaja Ya Ce In Rubuta "Sakacin Ma'aikaci" In Sa Hannu, Alhali Kowa Ya San Da Wayar

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne, wata biyar ke nan da aka ba ni ofisan sefti a masana'antar da nake aiki, kafin nan na yi shekara huɗu a kan inji. Muna da wani inji mai rola biyu da ke jan kwali yana lanƙwasawa, yana da ƙofar kariya wadda in an buɗe ta inji ke mutuwa da kansa. Matsalar ita ce yana yawan cushewa, kuma duk sanda aka buɗe ƙofar sai an ɓata kusan minti goma kafin ya sake tashi. Toh wani dattijo da muke kira Baba, wanda shi ya koya min aiki tun ban san komai ba, sai ya haɗe wayar makunnin ƙofar yadda za a buɗe inji na tafiya a zaro kwalin. An fi wata takwas a haka, sufabaiza ya sani, ni ma wallahi na sani na yi shiru. Makon jiya da dare wani sabon yaro ya sa hannu zai zaro kwali, rola ta kama safar hannunsa, yatsu biyu suka karye, Allah ya sa wani na kusa ya buga makunnin gaggawa. Yanzu manaja ya ce in rubuta rahoto cewa sakacin ma'aikaci ne, a sallami Baba a rufe maganar. In na rubuta na ci amanar wanda ya raine ni, in na ƙi ina tsoron aikina, ga iyali. Barci ma ya gagare ni. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya saka wa wanda ya buga makunnin da alheri, don duk wanda ya taɓa tsayawa gaban rola ya san ba ta sakin abin da ta kama, ja take yi, daga yatsa sai tafin hannu sai gwiwar hannu, kuma duk cikin ƙiftawar ido. Rashin barcin nan da kake fama da shi na fahimce shi sarai, alama ce zuciyarka da rai.

Bari in ba ka amsar tun daga farko kafin in shiga dogon bayani. Kar ka sa hannu a rahoton da ya ce sakacin ma'aikaci ne shikenan. Kuma kar ka rubuta wanda zai ɓoye cewa Baba ne ya haɗe wayar. Duka biyun ƙarya ce, duka biyun kuma za su bar injin nan yadda yake yana jiran hannu na gaba. Kai ka ɗauka hanya biyu ce kawai gabanka, ko ka ci amanar Baba ko ka rasa aiki, amma ai ba alƙalanci aka ɗora maka ba, aikinka ka gano yadda aka yi hannun mutum ya isa wurin rola tana juyawa, ka bi shi har tushe, ka faɗi abin da za a gyara. In ka yi wannan tsakani da Allah sunan Baba zai fito, na sufabaiza zai fito, naka zai fito, na wanda ya yanka taget zai fito, injin kansa ma zai fito da nasa laifin, kuma a nan ne sallamar mutum ɗaya za ta yi wa kowa wuyar karewa.

Amma kafin rubutu, akwai abin da ba ka faɗa min ba kuma shi ya fi damuna: wayar nan tana nan har yanzu? In tana nan, ajiye karatun nan ka je. Ka ɗau hotonta yadda take, da baƙin salatif ɗin da aka naɗe ta da shi, da ƙofar, da inda yaron ya tsaya, da safar hannun in ba a yar ba, sannan mai gyaran lantarki ya cire ta a gabanka ku gwada, a buɗe ƙofa a ga inji ya mutu, ku maimaita sau uku. Ku leƙa sauran injinan ma, don a sanina ba a cika samun irin wannan dabarar a inji ɗaya kaɗai ba, wani maganaɗisu yake mannawa a kan sensa, wani ya kwance harshen makunnin ya cusa shi a raminsa ya bar shi can.

Toh yanzu maganar sakaci. Kalma ce mai daɗin rubutawa saboda tana rufe fayil da wuri. Tun 1931 wani ma'aikacin inshora a Amurka, Herbert Heinrich, ya fitar da cewa kashi 88 cikin ɗari na haɗurran wurin aiki daga kuskuren ma'aikaci suke, shugabannin kamfanoni suka rungumi adadin nan hannu bibbiyu, duk da masana na baya sun yi ta ja da yadda ya samo shi. Ni labarin da ya gyara min tunani na jiragen yaƙi ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Amurka samfurin B-17 sun yi ta zubewa da ciki a kan titin sauka bayan sun sauka lafiya lau, kullum rahoto na cewa kuskuren matuƙi, kuskuren matuƙi. Sai wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba da idonsa, ya tarar makunnin naɗe tayoyi da na fiffiken rage gudu kamarsu ɗaya kuma ga su kusa da juna, matuƙi ya dawo a gajiye ya miƙa hannu sai ya naɗe taya jirgi na ƙasa. Gyaran da aka yi, an maƙala 'yar ƙaramar tayar roba a kan na taya, aka sa wani abu mai siffar fiffike a kan ɗayan, hannu na taɓawa ya gane ko ba a duba ba. Matsalar ta kau, kuma matuƙan su ne dai na jiya, ba a sallami kowa aka kawo masu hankali ba.

Wannan shi ne zuciyar injiniyancin kariya na tsari. Ana kallon inji da mutum da dokar aiki da taget da hasken wurin da canjin shif da horon da aka bayar duk a matsayin abu ɗaya da ke tafiya tare, sai a tambaya ta ina wannan abu zai cutar da mutum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma daga wasiƙarka kaɗai na ƙirga tsaga ta fi biyar.

Ga abin da nake so ka yi, kuma takarda babba da biro sun ishe ka. A can sama ka rubuta abin da ya faru a jimla ɗaya: hannun mutum ya shiga tsakanin rola biyu suna juyawa. Kar ka sa suna. Sai ka tambayi kanka, me da me ya zama dole su haɗu kafin wannan ya yiwu? Dole rola na juyawa, kuma dole ƙofa na buɗe, kuma dole akwai dalilin da ya sa mutum ya miƙa hannu. Ka ja layi uku zuwa ƙasa. Ka lura da kalmar "kuma" ɗin nan, tana nufin in ka kashe ɗaya daga cikin ukun haɗarin bai faruwa. Inda kuwa ka ga "ko", kamar a ce inji na iya juyawa ƙofa a buɗe ko don an haɗe waya ko don makunnin ya lalace ya maƙale ko don wani ya tada shi daga wani allon bai ga mutum ba, toh nan kowace hanya ita kaɗai ta isa, dole ka toshe su duka. Wannan zanen shi ake kira bishiyar musabbabai, an fara shi a 1962 a ɗakunan binciken Bell a Amurka don makami mai linzami na Minuteman, inda kuskure ɗaya ba ya gyaruwa, amma wallahi yana aiki a kan injin kwali kamar don shi aka yi.

Sai ka bi kowane reshe da "me ya sa" har sai ka gaji. Me ya sa aka haɗe wayar? Don tada inji na cin minti goma. Me ya sa yake cin minti goma, haka aka ƙera shi ko wani abu ne ya lalace aka saba da shi? Me ya sa minti goman ke da ciwo haka? Don akwai adadin da dole a cika kafin a tashi. Wa ya yanka adadin, kuma da ya yanka ya lissafa da cushewar? Me ya sa sufabaiza ya gani ya kau da kai? Me ya sa wata takwas babu wani jadawalin gwada makunnan ƙofa da zai tona abin? Sabon yaron nan wa ya koya masa, kwana nawa, an taɓa ce masa ƙofar nan ba ta kashe inji kuwa, ko shi a saninsa in ya buɗe ya tsira? Wannan tambayar ta ƙarshe ta fi min ciwo, don Baba ya san wayar na nan kuma hannunsa ya san lokacin rola, shi kuwa yaron mai yiwuwa ya amince da ƙofar ne, ƙofar ta yaudare shi.

Reshen da na fi so ka daɗe a kansa shi ne na cushewar. Kowa zai tsaya a kan wayar don ita ake gani, amma ita wayar 'yar cushewa ce, in ka cire ta ka bar cushewar toh ba da jimawa ba wata za ta dawo, sai dai wannan karon a ɓoye ta inda ba za ka gani ba. Ka ajiye takarda a gefen injin na mako ɗaya, duk cushewa a ja layi, a rubuta ƙarfe nawa, wane girman kwali, daga wane tari aka ɗauko. Na taɓa yin irin wannan a wani wurin da na yi aiki, inji ya dami kowa, ana ta zargin masu aikin dare da lalaci, da muka tattara takardar sai ga shi kusan duk cushewar a kan kayan da aka jibge kusa da ƙofar sito ne inda danshi ke kama su su karkace, ga kuma wani ƙarfen jagora da notinsa ya sassauta yana rawa da faɗin ɗan yatsa, na riƙe shi da hannuna na ji yana motsi. Noti ɗaya da canza wurin ajiya, cushewar ta ragu har mutane suka manta da maganar buɗe ƙofa. Ban ce naku haka yake ba, tana iya zama tazarar rola, ko bel ya sake, ko an ƙara wa inji gudu fiye da yadda littafinsa ya ce, amma sai an ƙirga ake sani.

Kuma kar ka yi wannan zaman kai kaɗai a ofis. Ka tara mai aikin rana, mai aikin dare, makanike, mai lantarki, da Baba. Eh, da Baba, don duk wurin nan babu wanda ya san halin injin kamarsa, da kunne ma yana jin in zai cushe. Ku bi sassan injin ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya: wannan ta yaya zai iya lalacewa, in ya lalace me zai biyo baya, za mu gane kafin ya cuci wani? Wannan hanyar ita ce FMEA, sojojin Amurka suka rubuta ta tun 1949. Masu sinadarai kuma suna da tasu, HAZOP, wadda ta fito daga kamfanin ICI na Ingila a shekarun 1960, su kalmomi suke jefawa a kan kowane mataki, in babu fa, in ya yi yawa fa, in ya yi kaɗan fa, in ya juya baya fa, in wani abu daban ya shigo fa. Ara daga kowanne. Duk haɗarin da kuka gano ku auna shi da abu biyu, munin abin in ya faru, da yawan damar faruwarsa. Rola da ke iya cire hannu, ana sa hannu kusa da ita sau da yawa kowane dare, wannan ba ya buƙatar dogon lissafi, shi ne na ɗaya a jeri.

In kun zo kan gyara, akwai tsani da masu wannan fanni suka yarda da shi, kuma yawancin wurare daga ƙasansa suke farawa don ya fi sauƙi. Mafi ƙarfi shi ne a kawar da haɗarin gaba ɗaya, wato a kashe cushewar, babu dalilin sa hannu. Trevor Kletz, injiniyan ICI, yana da magana tun 1978 cewa abin da ba ka da shi ba zai yoyo ba, haka nan cushewar da ba ta faru ba ba ta karya yatsa. Ƙasa da wannan sai a canza hanya, misali maɓallin juya rola baya ta amayo kwalin, ko sanda mai ƙugiya ta zaro shi daga nesa. Sai gyaran inji, makunnin ƙofa mai wuyar yaudara, ƙofa mai kulle kanta har sai rola ta tsaya cak, tafiyar hawainiya wadda sai mutum na danne da maɓalli take motsi yana saki ta tsaya, da gyara tsarin tadawa ya daina cin minti goma. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 14119 da ta shafi irin waɗannan makunnan ta yi maganar a fili, cewa a duba abin da ke ingiza ma'aikaci ya yaudari makunni a rage shi, kaga ke nan duniya ta san wannan matsala, ba Baba ya ƙirƙiro ta ba. Bayan waɗannan ne dokoki da horo da allon gargaɗi ke zuwa, can ƙarshe kuma kayan sawa. Dubi safar hannun nan, an ba yaron ita don kariya, ita ce rola ta fara kamawa. Kusa da abu mai juyawa safar hannu da hannun riga mai reto da zobe duk ƙugiya ne.

Abu ɗaya kuma da nake so ya zauna maka: makunnin ƙofa ko da lafiyarsa ƙalau ba ya maye gurbin kashe wuta daga tushe. Duk aikin da zai sa mutum ya zura hannu ko jiki ciki sosai, a kashe babban makunni, mutum ya sa kwaɗonsa ya zare makulli ya jefa a aljihunsa, ya rataya kati mai sunansa, a saki iska ko man da ya rage a bututu, sannan a danna maɓallin tadawa a tabbatar inji bai motsa ba. In mutum uku ne a ciki, kwaɗo uku. A Amurka tun 1989 wannan doka ce a rubuce.

Ka ga wayar Baba, canji ne aka yi wa inji ba tare da kowa ya zauna ya tambayi me zai haifar ba, kuma irin wannan gyaran na wucin gadi ya ci rayuka a manyan wurare masu injiniyoyi fal. A wata masana'antar sinadarai a Flixborough ta Ingila, tukunyar sinadari ɗaya ta tsage aka cire ta, aka haɗa bututun wucin gadi don kar aiki ya tsaya, ba a yi masa cikakken lissafi ba, ranar 1 ga Yuni 1974 wurin ya tashi, mutum 28 suka mutu. A dandamalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa kuma, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba, ɗayan famfon ya tsaya suka tada wannan, daren 6 ga Yuli 1988 mutum 167 suka rasu. Abin da na rana ya sani na dare bai sani ba, shi ne dai abin da ya sami yaronku. Don haka cikin shawarwarinka ka sa littafin miƙa aiki tsakanin shif, da dokar cewa ba mai taɓa wani abin kariya sai da takarda da sa hannu da ranar mayarwa.

Yanzu Baba. Ka je ka same shi kafin ka miƙa komai, kar ya ji a bakin wani. Ku keɓe, ka ce masa Baba, ku kuka koya min aikin nan kuma ba zan manta ba, zan rubuta cewa kun haɗe wayar don gaskiya ce, zan kuma rubuta dalilin da ya sa, da waɗanda suka sani, har da ni. Zai iya fushi, ka ƙyale shi ya yi, mai yiwuwa shi ma tun daren nan bai runtsa ba. Ba zan ce maka ba shi da laifi ba, yana da shi, mutum mai shekaru a kan inji ya san me rola ke yi, kuma ya bar tarko ga wanda bai sani ba. Amma akwai gwajin da ake yi kafin hukunci: da a ce wasu ƙwararru uku ne a wurinsa, da inji mai cushewa haka, da taget haka, da sufabaiza mai kau da kai haka, za su yi abin da ya yi? In amsar ita ce akwai yiwuwa sosai, toh sallamarsa ba ta gyara komai, wanda zai gaje shi zai gaji matsin. Gargaɗi a rubuce da sa shi cikin masu gyara ya fi kusa da adalci. Akwai kuma asarar da manaja bai hango ba: ranar da aka kori Baba shi kaɗai, daga ranar ba wanda zai ƙara zuwa ya ce maka yau saura ƙiris, kowa zai kama bakinsa, kai kuma da waɗannan saura ƙiris ɗin kake gani. Allon da ke cewa kwana kaza ba haɗari yana iya zama allon shiru ne kawai. Matatar mai ta kamfanin BP a Texas City ta Amurka alƙalumanta na ƙananan raunuka suna kyau, ranar 23 ga Maris 2005 ta fashe mutum 15 suka mutu, bincike ya nuna an zuba ido kan waɗannan alƙaluman an bar lafiyar tsarin kansa.

Naka shirun kuma, ka rubuta shi da hannunka a layi ɗaya ba kwana-kwana: na san da wayar tun lokaci kaza ban ɗau mataki ba. Na san da nauyi. Amma abin zai fito ko ba jima ko ba daɗe, wata takwas da idanu da yawa, gara ya fito daga bakinka. Kuma shi ne zai ba rahoton ƙarfi, ba wanda zai ce ka rubuta ne don kare maigidanka. Ka tambayi kanka ma me ya sa ka yi shiru, kunya ce, ko ganin kowa ya saba, ko ba a taɓa ba ka ikon tsayar da inji ba? In na ƙarshen ne shi ma tsaga ce, ka sa a rahoto ka nemi a ba ka ikon a rubuce.

Wajen manaja, kar ka je da faɗa kuma kar ka yi a gaban mutane. Ka shiga da takardunka ka ce yallaɓai, na yi binciken, ga abin da na samu, ga minti nawa cushewar ke cinye mana a mako, ga gyara uku da za a iya yi cikin kwanakin nan, ga biyu masu buƙatar kasafi. Yawancin manajoji tsoro ne ke sa su neman rufe magana, in ka zo da mafita a hannu ka sauƙaƙa masa sauka. Ka nuna masa cikin ladabi cewa rahoton sakaci ba zai kare shi ba in masu inshora ko masu binciken ƙwadago suka zo suka tambayi ma'aikata biyu kacal, wanda zai kare shi shi ne wanda ya nuna an gano kuma an gyara. Bayan kun rabu ka aika masa rahoton ta imel mai kwanan wata, ka riƙe kwafi. In ya nace sai nasa, ka ce ba za ka iya sa hannu kan abin da ka san bai cika ba, shi in yana so ya sa nasa. Daga nan akwai na sama da shi, akwai kwamitin lafiyar ma'aikata ko ƙungiya in kuna da su, akwai hukumar da ke duba masana'antu a ƙasarku, ka nemi dokar ka karanta da kanka. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 ta 1981 ta tanadi kariya ga ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana barazana ga ransa, ka duba ko ƙasarku ta rattaba mata hannu.

Ba zan yi maka alkawarin aikinka ba zai girgiza ba, zai iya, kuma maganar iyali ba wasa ba ce, shi ya sa nake cewa ka bi a hankali, da takarda, da shaida, ba da ɗaga murya ba. Sai dai ka auna ɗaya ɓangaren ma: in ka sa hannu yau, gobe rola ta cire hannun wani, takardar farko da za a zaro mai sa hannunka ce, kuma a ranar ba wanda zai tuna shi ya ce ka rubuta.

Za ka ji masu cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Kar ka yi musu da su a kan ƙaddara, duk mun yarda da ita, ka dai nuna musu hoton wayar, hannun mutum ne ya naɗa ta kuma hannun mutum ne zai kwance ta.

Gobe kafin ka shiga ofis ka biya ka duba yaron nan. Ka gaishe shi da jiki, ka tabbatar ana kula da maganinsa kuma an rubuta raunin a littafin haɗurra yadda doka ta ce, ka gaya masa ba tuhumarsa ka zo yi ba. In ya sake da kai, ka ce ya ba ka labarin daren tun daga shigarsa, wa ya miƙa masa aiki, sau nawa injin ya cushe kafin wannan, me ya ɗauka zai faru da ya buɗe ƙofar. Ka rubuta da kalmominsa. In kun cika mako kuna ƙirgar cushewar, ka turo min takardar mu duba tare.